Gilashin bayan motar mahaifina

Shekaru da dama da suka wuce, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, mahaifina ya sayi wata doguwar mota a hannun wani Bature da ya gama aiki a masana'antarsu ta Kudenda zai koma gida. Ina ɗan shekara goma sha biyu a lokacin, muna zaune a Unguwar Boro a Kaduna. Motar tsohuwa ce, amma tana da abin da ba a saba gani ba a layinmu: gilashin ƙofarta ta baya da lantarki yake hawa da sauka. Akwai ɗan maɓalli kusa da sitiyari, muddin inji yana kunne, ka danna sama ya hau, ka danna ƙasa ya sauka. Ƙofar kuma ba ta buɗuwa sai gilashin ya shige cikinta gaba ɗaya.

Mahaifiyata ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. Takan ce ita ta fi yarda da gilashin da ake murɗawa da hannu, domin hannu yana jin abin da ya taɓa. Mahaifina yakan yi dariya ya ce ƙauyanci ne ke damun ta.

Da damina ta kama, gilashin ya fara maƙalewa a tsakiya. Mahaifina ya kai motar wurin wani mai gyaran wayar mota, mutumin Binuwai, maƙwabcinmu kuma ɗan cocinmu. Ya gyara, gilashin ya koma tafiya sumul.

Ranar Lahadi ta gaba, bayan sujada, muka tafi Gonin Gora sayen doya. Mahaifina ya bar inji a kunne saboda batirin ba shi da ƙarfi, ya sauke gilashin bayan domin a zuba kaya, suka tsallaka titi shi da mahaifiyata. Ƙanwata mai shekara shida tana can baya, ta ɗora hannunta a bakin ƙofar tana kallon masu talla. Ni kuwa na zame zuwa kujerar direba. An sha hana ni taɓa maɓallin nan. Ba ni da wani dalili, so kawai nake in ji yadda yake a ƙarƙashin yatsana. Na danna ba tare da na waiwaya ba.

Irin wannan gilashi bai san tsayawa ba idan ya ci karo da wani abu. Da na ji ihunta sai na ruɗe, na sake dannawa, ashe sama na ƙara tura shi. Sannan na yi abin da har yau nake jin kunyar rubutawa: na koma kujerata na naɗe hannu. Mutane suka taru suna jan ƙofar, ta ƙi buɗuwa, har sai da mahaifina ya iso a guje ya sauke gilashin. A asibiti aka ce yatsu biyu na hannunta na dama sun murƙushe. Ba su sake lanƙwasuwa ba.

Babu wanda ya tambaye ni komai. Mahaifina ya riga ya yanke cewa wayoyi ne suka haɗu, gilashin ya hau da kansa. Washegari ya je garejin maƙwabcinmu, ina biye da shi, ya faɗa masa maganganu a gaban masu jiran gyara. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗan'uwa, gilashin nan ba ya tashi sai an danna shi. Ka tambayi wanda ke cikin motar.” Ya dube ni sau ɗaya. Mahaifina ya ce yanzu kuma ƙaramin yaro zai ɗora wa laifinsa.

Dattawan coci sun yi ƙoƙarin sulhu, bai yiwu ba. Magana ta bazu cewa aikinsa ya nakasa yarinya, masu motoci suka janye. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Ina tsaye a ƙofar gida aka ɗaure kujerunsu a kan akori-kura.

Sai da na gama jami'a, na yi aure, na haifi 'ya, sannan na iya zama gaban mahaifina na faɗa masa gaskiya. Na zaci zai yi fushi, na ma shirya wa hakan. Sai kawai ya ce, “Kai yaro ne a lokacin, ba ka tuna daidai ba. Wayoyin ne.” Na ce, “Baba, ni na danna.” Ya tashi ya shige ɗaki. Har ya rasu bai yarda mun sake maganar ba. Na fahimci cewa idan ya karɓi laifina, dole ya karɓi nasa.

Da na faɗa wa ƙanwata, ta yafe mini tun kafin in rufe baki. Da hagu take rubutu, kuma ta fi ni kyawun rubutu. Motocin yanzu an sa musu dabarar da gilashi ke komawa baya da zarar ya taɓa hannu, duk da haka ba na barin yaro a mota da inji a kunne. Amma ba na yaudarar kaina cewa wannan ne darasin. Na nemi mai gyaran nan sau biyu ta hannun 'yan garinsu. A karo na biyu aka ce mini ya rasu, kuma 'ya'yansa sun taso da labarin cewa a Kaduna wani aiki ya taɓa ɓaci a hannun mahaifinsu.