Tarar Da Malam Ya Ƙi Biya

Shekara bakwai ke nan da aka fita da gawar maigidana Malam daga gidan nan namu na Jakara. Ban yi boko ba, 'yata Hadiza ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuwa ce mata ko kuka ya sarƙe ni kada ta ajiye biro. Ban taɓa kama sunansa yana raye ba, ba yau zan fara ba. A bakin kasuwar Kurmi, inda ya tsufa yana dakon kaya da akori-kura, Baba Direba suke ce masa.

Na so in yi wannan waiwaye da addu'a kaɗai, hukuma ce ta hana ni.

Ana saura 'yan watanni ya rasu, ya ɗauko kaya ya biyo ta Ƙofar Ruwa, sai ya yi kiciɓis da mutane ɗauke da makara. Ya kashe mota a inda take, ya sauka ya sa kafaɗa, ya ɗan taka da su kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Bai san gawar wane ne ba, bai kuma tambaya ba. Da ya dawo ya tarar ma'aikatan hanya na jiha sun ci shi tara, wai ya tare titi. Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ya ce da ni, "Hajara, in na biya, na yarda ke nan ɗaukar gawa laifi ne." Bai biya ba har Mai shi ya karɓi abinsa.

Yanzu an ce jiha da ƙananan hukumomi sun haɗa kai za su karɓo tsofaffin tarar da aka ƙi biya. Jiha ta san lambar mota, ƙaramar hukuma ta san ƙofar gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda. Direban da ya yi ganganci ya karya ɗan mutane, a bi shi har ɗaka. Da Malam na nan, shi zai nuna musu lungun. Amma ba a haɗa kai an yashe kwatar Jakara ba, sai a kan matar mamaci aka tuna da zumunci.

Makon jiya mai unguwarmu ya yi sallama, da wani ma'aikaci a bayansa. Saƙon gajere ne: ko a biya, ko a ja motar. Motar nan kuwa ita ce cina da shana, ƙanen Malam ke tuƙa ta yana kawo mini cefane.

Mai unguwa ya durƙusa ya rage murya. "Inna, ki bari in biya daga aljihuna. Bashi a kan mamaci nauyi ne."

Na ce, "Ɗan nan, ba kana sahun gaba ranar jana'izarsa ba? Ina daga ɗaki na ji liman yana cigiya, duk mai bin mamacin nan bashi ya matso. Mai facin taya ya matso, aka sallame shi kafin a yi kabbara. Jiha tana ina? Ƙaramar hukuma tana ina?"

Ma'aikacin ya yi dariya. "Inna, ai gwamnati ba ta zuwa jana'iza."

Na ce, "To wanda bai zo binnewa ba, me ya kawo shi rabon gado?"

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce Malam waliyyi ba ne. Amma wannan ba bashi ba ne. Ko wane ne ya biya, an rubuta ke nan mijina ya yi laifi, shi kuwa ba shi da bakin musawa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Kanon yau, inda ake danna wa makara hon don ta matsa. Ina jin girgiza kai zai yi, ya sake kashe motarsa. Bai bar mini gona ba, bai bar kadara ba in ban da motar nan. Amma ƙanensa ya gaya mini ranar da aka ɗauko shi, direbobin da ba su san shi ba sun yi ta tsayawa suna sauka suna sa kafaɗa. Mutuncin nan shi ne abin da ya rage nasa, ba zan sayar da shi don cefane ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka. Sun ce za su dawo da motar janwe. Na gaya wa Hadiza ta wanke mini farin mayafina. A kujerarka ta direba za su same ni zaune, su ja mu tare.