Ƙararrawar da na tsinke

Da 'yata ta fara rarrafe, na gyara gidanmu da hannuna. A wani ƙauye muke, gaba da Damari. Na ɗora tsohon ƙyaure a bakin rijiya, na danne da dutsen niƙa. Na zagaye murhu da tubali. Maganin feshin maigida na sa ya ɗauke daga ƙarƙashin gado ya kai saman rumbu. Wuƙa da lauje na soke a jinka.

Abu ɗaya ya fi ƙarfina, ramukan da masu haƙar zinari suka bari a bayan dangarmu. Da damina cika suke yi da ruwa. Sai surukata ta ba ni 'yar ƙararrawa irin ta wuyan akuya, ta ce in ɗaura wa yarinyar a ƙafa, haka ta raini nata. Na ɗaura. Ina daka ina jin ta. In ƙarar ta yi nisa, in ajiye taɓarya in bi ta. Maigida har tsokana yake yi, wai ga akuyarsa da ba ta cin dusa.

Wata rana da hantsi 'yan bindiga suka shigo. Na suri 'yata, muka faɗa gonar dawa da matan unguwa. Muna kwance, tana ƙirjina, babura na wucewa, sai ta motsa ƙafa. Wata tsohuwa ta damƙi hannuna.

"'Yar nan, ki kashe wannan abu kafin ya kashe mu."

Na sa haƙori na tsinke zaren.

Bayan kwana biyu muka koma gida. Maigida ya ce in mayar mata. Surukata ma ta ce. Na ƙi. Na ce mutanen nan za su dawo, kuma ba kullum ake samun sararin tsinke zare ba. Na ce idona ya isa.

Sati uku idona ya isa. Ran nan ina kwashe tuwo, na ba ta baya. Awaki sun huda danga, ta nan ta bi. Ban ji komai ba. Maigida ne ya tsamo ta daga ramin. Shekararta ɗaya da wata bakwai.

Ba wanda ya ce laifina ne. Surukata ta yi mata wanka, ta ce kwana ne ya ƙare. Mutanen kuwa ba su dawo ba sai bayan girbi.

Bara ƙanwata ta zo da ɗanta, ya fara tafiya. Su ma akwai rami kusa da gidansu, kuma babura na bi ta garinsu. Ta ce, "Yaya, in ɗaura masa ko in bari?"

Na daɗe ina kallon ƙafar yaron. Na ce mata ban sani ba.