Ɓera a Teburin Mahauci

Jama'a, mai cin abinci ya ajiye cokali tukuna!

Ɗazu na je sayen nama wajen wani mahauci a Ƙofar Nassarawa. Yana cikin daddatsa min, sai ga ƙaton ɓera a kan tebur. Kafin in yi ihu ya juya addar, tim! Ɓera ya miƙe. Ya ture shi ƙasa, ya goge addar a rigarsa, ya ci gaba da namana!

Na ce, "Malam, da addar da ka kashe ɓera?"

Ya ce, "Haba Hajiya! Ai ba saransa na yi ba. Da bayanta na buge shi, da kaifin nake yanka."

Wani dattijo a bayana ya ce, "Gaskiyarsa."

Tir! Nan na bar musu naman su raba.