Kawu Mai Agogo da Minti Ukun Baba Nas

Kawuna bai iya karatu ba. Boko ko bihim, na addini kuwa iyakarsa abin da zai yi sallah. Amma shekara goma sha ɗaya ba a yi muƙabala tsakanin Musulmi da Kirista a unguwarmu ba sai yana zaune a tsakiya. Gyaran agogo ne sana'arsa. Teburinsa ɗan ƙarami ne mai murfin gilashi, a bakin shagon wani mai sayar da takalma. Kullum za ka tarar da shi ya maƙala gilashi a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan ƙusoshi da hantsaki kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya tsaya mini har na je na karanto Larabci na dawo.

Asabar ta ƙarshen wata ake yin muƙabalar, bayan la'asar, a zauren makarantar firamare. Kowane mai magana minti goma yake da shi. Aikin Kawu shi ne riƙe lokaci, da wani agogo mai maɓalli irin na masu tsere da 'yar ƙararrawar tebur. Iyakar aikin ke nan, amma tun ranar Juma'a yake goge rigarsa, matarsa tana yi masa tsiya wai sai ka ce shi zai yi wa'azin. Ba ya ko kula ta. A duk duniya wannan kujera ce kaɗai inda masu ilimi ke kallon hannunsa kafin su buɗe baki, kuma yana ji da ita ƙwarai.

Yana da wata ƙa'ida da ba kowa ya lura da ita ba. Idan jama'a suka kaure da hayaniya, sai ya danna maɓalli ya tsayar da agogo har a yi shiru. Da yake abin ba ya wuce daƙiƙa biyar ko goma, ba a taɓa tanka masa ba.

Shekarar da na dawo, kaina ya kumbura, gani nake ba wanda ya kai ni. Sai aka ce ni zan kara da Baba Nas a kan Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku. Baba Nas tsohon ma'aikacin jinya ne, Kirista, ya yi shekara ashirin yana aiki a wani asibiti a ƙasar Larabawa. Ga shi da sanyin magana, kafin ya gama jimla ɗaya ka sha ruwa ka dawo.

Ni na fara. Na yi minti gomana a kan kaɗaitar Allah, kuma ba yabon kai ba, na yi ƙoƙari. Baba Nas ya miƙe ya ce shi bai zo ya kare alloli uku ba, don bai san su ba. Ya ce Kiristocin Larabawa da ya yi sujada tare da su, in sun ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da "Allah ɗaya" suke rufewa. Sai ya kawo addu'ar da Larabcin da ya iya, irin na gida, wanda ya tsinta a bakin marasa lafiya da masu jinyarsu.

Ban san lokacin da na ɗaga murya daga inda nake zaune ba. "Baba, wannan Larabci ne ko cinikin tumatir?"

Zaure ya ɗauka da dariya. Har da masu buga benci, wani yana kwaikwayon muryarsa, a sake fashewa. Tsohon nan yana tsaye da takarda a hannu. Ni kuwa daɗi nake ji, kaicona.

Da dariyar ta lafa, agogon bango ya nuna minti goma sun cika. Mutanenmu suka fara cewa lokaci ya yi, a buga ƙararrawa. Kawu bai ko taɓa ta ba. Ya ɗaga agogonsa ya ce, "Saura masa minti uku. Dariyarku ba a cikin lokacinsa take ba."

Aka yi ta guna-guni, wani ya ce ai sai Kawu ya fito fili a san ɓangarensa. Kawu ya sake danna maɓalli ya naɗe hannu, har suka gane duk surutun da suka ƙara, tsayuwar tsohon suke ƙarawa. Dole aka yi shiru. Baba Nas ya ce gaskiya ne Larabcin gida ne, amma da shi ya ji mata masu naƙuda suna kiran Allah, Musulmi da Kirista, bai taɓa jin an ce su gyara ba. Ya ƙarasa hujjarsa a tsanake ya zauna. Ban yarda da hujjar ba, har gobe ban yarda ba, amma an ji ta daga farko har ƙarshe. Da zagayena na biyu ya zo, ina tsakiyar maganar da na fi ji da ita Kawu ya buga mini ƙararrawa. Ko rabin daƙiƙa bai ƙara mini ba.

Kafin sati ya zagayo, magana ta cika unguwa wai Kawu ya sayar da mu. Mutum biyu suka je suka karɓe agogunansu ba a gama gyara ba. Kwamitinmu ya zauna, aka yanke cewa daga yanzu kowane ɓangare ya kawo nasa mai riƙe lokaci, Kawu ya huta. Ni ne sakatare. Ban kare shi ba, kuma da hannuna na rubuta takardar sallamarsa.

Sai da na tsaya a gaban teburinsa na miƙa masa sannan na tuna ba zai iya karantawa ba. Ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini, ya ce in karanta masa. Haka na tsaya a bakin titi, mai takalma yana ji, na karanta wa mutumin da ya rene ni takardar korarsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ya zage ni, ko ya tuna mini abin da ya yi mini, in sami abin da zan riƙe.

Ya cire gilashin idonsa ya goge da gefen riga. Ya tambaye ni su wa aka zaɓa, na faɗa masa. Ya jinjina kai ya ce yaran kirki ne.

"Ka ce su zo kafin Asabar in nuna musu," in ji shi. "Maɓallin yana ɗan cijewa, sai an san yadda ake danna shi."

Har ranar Juma'a da yamma yana ɗaga kai ya dubi duk wanda ya tsaya a gaban teburin. Ba wanda ya je, domin ban isar da saƙon ba.