Soket ɗin da Muka Kafa a Bangon Waje

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da soket ɗaya ya kusa haɗa ni faɗa da maƙwabtanmu kaf a Gangaren Tudu ba.

Yayana ne ya sayo wata tsohuwar bas a gwanjo daga Abuja, irin mai gado da fanka da ɗan firji a ciki. Ba don gayu ba. Baba ya daɗe a kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: a kai shi Lafiya ya ga ƙanwarsa, wadda tsufa ya hana ta tafiya. Zama a mota ba ya yiwu masa, ga shi ba ya jure zafi. Batirin fankar kuwa sai an caja shi da wutar gida.

Bas ɗin ba ta shiga ƙofarmu, don haka mai wayarin ya jawo waya mai kauri daga mita, ya kafa soket a bangon waje.

Jajibirin tafiya wutar maƙwabta ta ɗauke, tamu ta rage. Na dawo daga aiki da azahar na tarar an zare wayar mota, an jona wayoyin hannu, tocila, har da ayan ɗin guga! Raina ya ɓaci, na hau su da faɗa, ni da dama ba a taɓa ni.

Wata dattijuwa ta ce, "Haba ɗana! Ai mun ɗauka sadaka kuka yi, kamar randar ƙofar gida."

Sai na sassauta murya. Na faɗa musu zancen Baba. Kowa ya zare nasa ba musu. Ina mayar da wayar mota, tamu wutar ma ta ɗauke. Wallahi saura kaɗan in yi kuka.

Sai ga mai askin layinmu yana turo janaretonsa a baro. "Malam, jona. Askin ya jira gobe." Wanda ya jona ayan ɗin gugar nan shi ya sayo fetur.

Washegari a Lafiya, Gwaggo da kanta ta rarrafa cikin bas ɗin, ta riƙe hannun Baba mai lafiya, suna dariya suna hawaye.

Tun ranar na koyi in fara faɗa wa mutane abin da ke damuna kafin in ɗaga musu murya. Yawancinsu ba mugunta ke gare su ba, ba su sani ba ne kawai.