Ranar da Aka Yanka Talotalona

Maƙwabcinmu a nan Gusau ya sayo talotalo kwanan baya. Tun da aka kawo shi ba mu huta ba, ko akuya ce ta yi atishawa sai ya amsa mata da kukan nan nasa. Mutanen gidanmu haushi suke ji. Ni kuwa ranar da na fara jin sa ina cikin alwalar la'asar, sai da na ajiye buta na zauna, domin kukan ya ɗauke ni cak ya kai ni Bunguɗu, gidan kakana, lokacin ina 'yar shekara tara ko goma.

Shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ke nan. Kawuna, ƙanen Inna, ya je Gusau aikin hanyar, ya dawo mini da tsarabar da ban taɓa gani ba: ƙwai guda ɗaya, ƙato, mai ɗigo-ɗigo. Inna ta cusa shi ƙarƙashin kazarta mai kwanci, aka ƙyanƙyashe wani mummunan abu mai dogon wuya. A gidanmu, abin da aka ba yaro kiwo nasa ne, ko maigida ba ya sa masa wuƙa sai da yardarsa. To ni na rene shi. Gara nake tono masa, dussa nake sato masa. Da ya girma ya fara baza wutsiya yana jan fukafukai a ƙasa, har daga garin Furfuri mutane ke zuwa kallo. In gaya maka gaskiya, na yi girman kai da tsuntsun nan, 'yan'uwana ma sai na ga dama suke taɓa shi.

Kakana, uban Baba, tsohon falke ne. Da ƙuruciyarsa ya bi jakai har Agadas. Kaka muke ce masa, matarsa kuma Iya. Bayan an gama girbi a shekarar nan Iya ta kwanta kwana uku, Allah ya karɓi abarsa. Kaka bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya karɓi gaisuwa, aka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Daga nan ya shiga ɗakinsa ya daina cin abinci.

Da farko an ce zafin rashi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Har bazara ta shigo, zafi ya sauka, ganyen itatuwa ya zube, shi dai ruwa ne da kurɓi biyu na kunu. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma sai an tashe shi zaune. Baba da ƙannensa su shiga su durƙusa su roƙe shi, ya ce ya ƙoshi, su fito jiki a sanyaye, domin ɗa ba ya yi wa ubansa dole. Inna suruka ce, ko fuskarsa ba ta kallo, sai dai ta ajiye akushi a bakin ƙofa, da yamma ta ɗauke shi yadda ta kawo. Malam ya yi rubutu, Kaka ya shanye rubutun ya bar tuwon. Babu wanda ya faɗa da baki, amma har mu yara mun san in aka ci gaba a haka, kafin ruwan shuka za a kai shi kusa da Iya.

Sai Gwaggo ta iso daga Tsafe, babbar 'yarsa, mace mai kaifin baki da dabara. Ta shiga ta yi kukanta, ya ce ta koma ɗakin mijinta. Ta fito ta share ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta nuna ni.

"Wagga ce kaɗai ta rage," in ji ta.

Ka san tsakanin jika da kaka akwai wasa. Jika mace matar kakanta ce, tana da bakin gaya masa abin da ko ɗan fari ba zai iya ba. Ni kuwa duk cikin jikokin na fi kowa rashin kunya. Amarya yake kira na, ni in ce masa tsohon miji mara haƙora, in ɓoye masa goro, ya bi ni da sanda yana dariya. Tun rasuwar Iya na daina shiga ɗakin, tsoron idanunsa nake ji.

Gwaggo ta ja ni bayan rumbu. Ta ce a zamanin fatauci, duk sanda Kaka zai kama hanya Iya kan gasa masa gurasar alkama, ta tsaga cikinta, ta cusa nama da cuku, busasshiyar madarar nan ta Buzaye, ya riƙa ci yana tafe bayan jakai. Ta ce babu abin da yake so a duniya kamar wannan. Ni zan kai masa, a matsayin girkin amarya.

"Amma naman kasuwa zai maido shi," ta ce, tana kallon talotalona yana tsince-tsince. "Abin da ya san ya yi maki ciwo, shi ne zai yi wuya ya maido. Ban ce dole ba. Naki ne."

Wayyo! Na ji kamar in cije ta. Kwana biyu ina kuka, ina cewa a bar tsohon ya ci abin da ya ga dama. A rana ta uku Inna ta aike ni in kai masa ruwa. Ya miƙo hannu zai karɓi ƙoƙon, ƙoƙon ya fi ƙarfinsa, ruwan ya zube masa a riga. Bai ma yi faɗa ba. Wannan rashin faɗan ne ya tsorata ni. Na fito na sami Baba a zaure na ce ya wasa wuƙa. Sau uku yana tambaya ta, "Kin yarda, ɗiyata?" sau uku ina ɗaga kai. Da za a yanka na gudu gidan maƙwabta na toshe kunne.

Washegari Baba ya yi sammako zuwa Gusau, zangon da Buzaye ke sauka da gishiri da dabino, ya sayo cuku. Fale-fale ne, busasshe, da zanen tabarmar da aka shanya shi a jikinsa, ga wani ƙamshi na madara da hayaƙi. Alkama kuwa ba a daɗe da yanke ta a fadamar bakin gulbi ba. Inna ta niƙa a dutse ta tankaɗe, Gwaggo ta kwaɓa da ɗan nono mai tsami, aka rufe a rana har ƙullin ya tashi. Aka hura wuta a cikin tsohon tanderun Iya, wata babbar tukunya ce da aka binne rabinta a ƙasa, ana manna ƙullin a jikinta ta ciki. Naman ƙirji aka dafa da albasa da citta da masoro, aka yayyage shi sili-sili, aka soya sama-sama da man shanu. Duk unguwa ta ɗauki ƙamshi. Ni ina fifita wuta ina hawaye, ina cewa hayaƙi ne.

Sai dai kash, Iya ba ta taɓa barin kowa ya tsaya mata a kai in tana wannan girki ba. Mu kuwa a cikin fura kaɗai muka san cuku. Saboda haka muka kakkarya shi yadda yake, muka cusa cikin gurasar tare da naman, na zazzaga barkono da hannuna, na ɗauka a faifai.

Ɗakin ya yi duhu ko da rana tsaka. Yana kwance ya ba ƙofa baya. Na daure na yi irin muryar da na saba.

"Maigida, tashi. Amarya ta yi girki."

"Tahi da abinki, na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da mi? Iska? Talotalona na sa aka yanka maka. Ko ka ci, ko ka maido mini shi da ransa yana tafiya."

Can ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana duba na. "Wanga tsuntsu naki mai hayaniya?" Na ce shi fa. Ya yunƙura, na tallafe shi ya jingina da bango. Ya ɗauki gurasar ya shinshina. Ya kai baki ya gatsa. Sai na ji ƙas! Haƙoransa huɗu ne suka rage, ɗaya ya ci karo da cuku.

Tabɗi! Ashe akwai sauran murya a jikin tsohon nan.

"Wa ya yi wanga aika-aika? Cuku ɗanye a cikin gurasa? So kuke ku ƙarasa mini haƙoran?"

Na ce ai haka ake yi. Ya ce ƙarya nake. Na ce to tunda shi ne gwani, ya taso ya gwada mini, ba ya kwanta yana kushe girkin mutane ba. Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba, kuma na ɗauka mari zan sha. Sai na ji ya ce, "Miƙo mini sandata."

Wata biyu rabonsa da tsakar gida. Da ya fito yana dafe da kafaɗata, matan gida suka watse, Inna ta ja mayafi ta faɗa bayan zana. Gwaggo ce kaɗai ta tsaya, ta shimfiɗa masa buzu kusa da tanderu. Ya zauna yana haki, yana ba da umarni da bakin sanda. A ɗora cukun a kan garwashi, kar a bari ya ƙone, da ya fara kumbura a sauke. A daka shi a ƙaramin turmi tun da zafinsa, a sa man shanu kaɗan har ya yi laushi. A tsaga gurasar tana fitowa daga wuta, kar a raba ta biyu, a bar gefe ɗaya a haɗe. Cuku ne farko, a shafe ciki da shi, sannan nama, sannan albasa ɗanya yanka siriri. A mayar bakin tanderu a rufe da faifai, gwargwadon a karanta Fatiha sau bakwai.

Muna cikin jiran nan ne ya fara maganar Iya, karo na farko tun da ta rasu. Ya ce a ganye take naɗe masa guda biyar, ta ce kar ya taɓa ta ƙarshe sai ya hango garin da za shi. Ya ce bai taɓa jin maganarta ba, tun kafin ya wuce Ƙauran Namoda yake cinye su duka, kuma har ta mutu bai gaya mata ba. Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ya yi kukansa sosai a gabanmu, Gwaggo na taya shi, ni ma na kama, nawa ban san ko na Iya ne ko na talotalo ba.

Aka buɗe faifai. Cukun ya narke ya kama naman, gurasar ta sha mai. Ya yi bisimilla. A hankali yake taunawa da gefen baki, muna ƙirga masa loma da ido. Ya ci rabi ya tura mini sauran, ya sha ruwa, ya share gemu.

"Ba laifi," in ji shi. "Gobe ki rage barkono."

Inna na bayan zana ta ji. Daga baya ta gaya mini a nan ta zauna a ƙasa tana ta hamdala, domin wata biyu ba a ji tsohon nan ya ambaci gobe ba. Kwana huɗu muna yi masa gurasar nan har naman ya ƙare, ya koma kan tuwo yana mitar miya. Ranar da aka yi ruwan shuka yana bakin gona a zaune, yana yi wa su Baba faɗan sun yi ramuka kusa-kusa. Damina shida ya ƙara a duniya.

Yanzu komai ya zo da sauƙi. Jikokina kan sayo burodi yankakke, da cuku mai laushi a takarda, da naman talotalo da ba su san fuskarsa ba, kafin ruwan shayi ya tafasa sun haɗa sun gama. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, kuma ba na yi musu baƙin cikin wahalar da ba su sha ba. Abin da ya riƙa damu na shi ne kada ladabin zamani ya kashe wasan jika da kaka, yara su koma durƙuso da "sannu Hajiya" kawai. Ashe ban san kome ba. Bara na kwanta ciwo, bakina ya ƙi abinci, 'ya'yana suka yi lallashi har suka gaji. Sai ga ɗan autan jikokina, mai shekara bakwai, ya shigo da faranti ya dire mini a kan cinya, ya riƙe ƙugu.

"Tsohuwa, ko ki ci, ko in sake ki yau ɗin nan."

Na cinye tas, har na ce ya ƙaro.