Shekarar da Baba Ya Ƙi Cin Kifin Farko

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta shekarar da mahaifina ya ƙi cin kifin farko. Lokacin ina da cikin fari, cikin ya tsufa, an mai da ni goyon ciki daga Zinder zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Mirriya kaɗan. Kowace mai ciki da irin kwaɗayinta, wata tsamiya, wata har ƙasa take ci. Ni nawa tarwaɗa ce, kuma ba kowace ba, sai ta tabkin garinmu. Mijina ya sha sayo mini ta kasuwa, in ɗanɗana in ture kwano, har ya ce wannan ɗan da taurin kai zai zo duniya, kuma ya san inda ya gado shi.

Mahaifina shi ne sarkin ruwan garin. Kada ku ji sarauta ku zaci wani abu ne, babu rawani babu doki, sai tsohuwar koma da gora a rataye a zaure. Aikinsa ya hana kowa kamun kifi a tabkin tun daga damina har ruwa ya ja baya da bazara, sannan ya sa ranar su, ranar da kowa zai faɗa ruwa ya nemi rabonsa. Al'adar kuwa ita ce, kifin da aka fara kamawa a gasa shi nan bakin ruwa, Baba ya kai loma a gaban jama'a, sai an ga ya haɗiye sannan a shiga. Tun ina yarinya gata nake ɗaukar wannan abu. Na sha cika wa ƙawayena baki cewa ubana ne ke ci kafin uban kowa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi su, mata masu wanki suka dawo da labarin cewa bana kifi da kansa yake kawo kansa. Yana tasowa saman ruwa yana buɗe baki, ko da hannu ka ga dama sai ka ɗauka. Gari ya ɗauki murna. Inna ta dube ni ta ce, “To ke, ga shi abin naki har gaisuwa yake zuwa.” Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya zagaya tabkin da safe ya dawo ya zauna, furar da na kai masa ma bai taɓa ba. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce, “Ban ji kukan kwaɗi ba. Balbela ma can nesa take sauka.” Na ce a raina, yau ga tsufa, ana maganar kifi shi yana cigiyar kwaɗi.

Ya aika aka sanar da hukuma, ana gobe su sai ga wata ma'aikaciyar ofishin ruwa daga Zinder a kan babur, mace mai sanyin magana. Na bi su, ita da Baba, bakin tabkin ina jan ƙafa. Ta tsoma wani ɗan ma'auni a wurare daban-daban, ta cika kwalabe da ruwa, ta buɗe kumatun wani kifi ta daɗe tana dubawa. Ta kuma ɗaga kai ta kalli lambunan kabeji da albasa da suka kewaye tabkin. Sannan ta ce, “Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Zafi yana sa kifi ya taso haka in ruwa ya yi ƙasa. Maganin feshi ma yana sa shi. Sai an kai ruwan nan labo, wato ɗakin gwaji, kuma amsa ba za ta fito gobe ba.”

“'Yata, gobe fa nan ba masaka tsinke,” in ji Baba. “Me zan ce wa mutane?”

Ta ɗan yi tunani, sai ta nemi a kawo mata baho biyu. Aka cika ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da ruwan tabki, aka samo 'yan ƙananan kifaye masu lafiya daga wani kududdufi na ƙauyen maƙwabta, aka raba su cikin bahunan, aka ajiye a inuwa ɗaya a zaurenmu. Da gari ya waye na ruwan rijiya suna ta wasansu, na ruwan tabki kuwa duk sun juya ciki sama.

Kafin hantsi bakin tabki ya cika. Mutane daga Zermu, wasu har daga Dakusa, da komayensu da amalanke, mata sun kafa murhu sun ɗora mai. Baffana, ƙanen Baba, ya riga ya ɗauko wata ƙatuwar tarwaɗa ya gasa kamar yadda aka saba. Wallahi har yau in na tuna ƙamshin nan sai yawuna ya tsinke. Ina tsaye kusa, ɗan cikina yana ta motsi kamar shi ma ya ji. Aka kawo bahunan aka ajiye a gaban jama'a, ma'aikaciyar ta yi bayani, amma kunnen mai kwaɗayi ba ya jin wa'azi.

Baffa ya miƙa wa Baba kifin ya ce, “Yaya, 'yan kifi kamar yatsa ne suka mutu, mu mutane ne. Wuta tana kashe kowace cuta. Loma guda kawai, a fita kunyar baƙi.”

Ma'aikaciyar ta ce wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta ƙone guba. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce in sarkin ruwa ya fara tsoron ruwa, to ya ba masu jini a jika wuri. Na ga maganar ta soki Baba, don mutum ne mai gudun a ce ya ji tsoro. Ya karɓi kifin, ya juya shi a hannu, har na ce shi ke nan zai ci. Sai ya waiwayo ya dube ni.

“Ni zan iya ci,” ya ce. “Na ci zamanina, in ya kwantar da ni ba a yi asara mai yawa ba. Amma in na haɗiye, na ce wa kowa ya ci ke nan. Wannan da ke tsaye za ta ci, abin da ke cikinta ma zai ci, naku 'ya'yan ma haka. Ba zan rantse da bakina a kan abin da ban yarda da shi ba.” Ya ajiye kifin a ƙasa ya tura masa yashi da ƙafa.

Ba zan ɓoye muku ba, kuka na yi, kukan haushi. Jama'a suka watse suna gunaguni, mata suka sauke mansu ba a soya komai ba. Aka tsame kifin da ya mutu aka binne nesa da ruwa. Washegari Baba ya tafi kasuwar Mirriya ya sayo mini busasshen kifi ya ajiye a ƙofar ɗaki. Na ci ina kumbure-kumbure, amma na cinye.

Bayan wasu makonni amsa ta zo, maganin feshi ne. Masu lambu ne ke wanke famfunan feshinsu a bakin tabkin, ba da mugunta ba, nan ne ruwa ya fi kusa, ga shi bana ruwan ya yi kaɗan. Aka haƙa musu rami can nesa don wanki. Kuna tsammanin an zo an ba Baba haƙuri? Ko ɗaya. Wasu ma sun daɗe ba sa amsa sallamarsa da daɗi, domin ba wanda ke gode maka jana'izar da ba a yi ba. Ni kuwa na sauka lafiya, na sami 'ya mace, mai taurin kai kamar yadda ubanta ya faɗa.

Sai da damina ta wanke tabkin ta sake wankewa, aka ƙara auna ruwan, kwaɗi suka dawo da surutunsu, sannan Baba ya sa ranar su. Na zo daga Zinder da 'yata a goye. Aka gasa kifin farko, ya yi bismillah ya ci, ya ɗan dakata kamar mai sauraron cikinsa, sannan ya ɓantari tsoka ya cire ƙaya ya sa wa jikarsa a baki.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya ranar nan shi ne, lomar da na yi ta cika baki da ita ba gata ba ce, jingina ce. Wanda aka ce ya fara ci, cikinsa ya ba da a madadin na kowa, kuma ranar da ya fi amfanar mutane tana iya zama ranar da ya hana su. Har yau in na soya kifi a gidana, ni nake fara ɗanɗanawa kafin in kira yara, su kuma suna cewa kwaɗayi ne.